Jif Ta Kwana A Tsaye, Ta Wayi Gari A Durƙushe: Darasi Kan Gyaran Sifirin Iska Da Taimakon Wayar Hannu

Duk wanda ya saba bi ta garejin kanikawa a Kano, Kaduna ko Abuja ya taɓa ganin Range Rover ko Discovery mai kyau, fenti yana sheƙi, amma ta durƙusa kamar raƙumin da ake shirin yi wa lodi, tayoyinta sun shige cikin bodi. Injinta lafiya lau, giyarta ma haka. Iska ce kawai ta tsere daga inda ya kamata ta zauna.

Sau da yawa mai irin wannan mota ya riga ya kashe kuɗi. An ce masa kwamfuresa ce ta mutu, ya saya an ɗaura, motar ta miƙe, bayan 'yan makonni ta sake kwanciya. Kwamfuresa ba kasafai take mutuwa haka siddan ba, yawanci yoyon iska ne yake gajiyar da ita har ta ƙone. Wanda ya sauya ta bai toshe yoyon ba, ya saya wa yoyon sabon abinci ne kawai. Darasin yau zai nuna yadda ake gano ainihin inda matsalar take da wayar hannu, tef ɗin awo da ruwan sabulu, sannan ya duba tambayar da kowane mai irin wannan mota yake fuskanta: a gyara, ko a cire a sa sifirin ƙarfe?

Mene ne sifirin iska?

A motocin da aka saba da su, nauyin bodi yana zaune ne a kan sifirin ƙarfe, ko mai murɗe ko mai falle-falle irin na a-kori-kura. Tsayinsa ɗaya ne: idan an yi lodi ya lotsa, idan an sauke ya dawo. A tsarin da Turawa suke kira air suspension, an maye gurbin ƙarfen da jakar roba mai kauri da aka cika da matsattsiyar iska. Kanikawa suna kiranta balan-balan. Idan aka ƙara mata iska mota ta ɗaga, idan aka rage ta sauka. Kada a haɗa ta da jakar da take fashewa a sitiyari lokacin haɗari, wannan daban ce.

Kamfanin Land Rover ya fara sa irin wannan tsari mai aiki da kwamfuta a Range Rover a 1992. Misalin da za a bi a nan shi ne Discovery 3, wadda ta fito a 2004 aka ci gaba da ƙera ta zuwa 2009, kuma a Amurka ake kiranta LR3. Tsarinta kusan ɗaya ne da na Range Rover Sport ta farko da ta fito a 2005 da kuma na Discovery 4. A tsayinta na kan kwalta, tsakanin cikinta da ƙasa milimita 185 ne. Idan direba ya danna maɓallin shiga daji, takan ƙara milimita 55 ta kai 240. Idan kuma ana son tsoho ko mara lafiya ya shiga cikin sauƙi, takan sauka da milimita 50. Idan tana sama gudu ya wuce kilomita 50 a awa, da kanta take komawa tsayin kwalta domin kada ta yi tangaɗi.

Ba kowace jif mai hawa da sauka ce take amfani da iska ba. Lexus LX470 da LX570 da mai suke aiki, don haka wannan darasi bai shafe su ba. Lexus GX470 da wasu manyan samfuran Prado kuwa suna da jakar iska, amma a tayoyin baya kaɗai.

Sassa shida da suke aiki tare

1. Jakar iska. Guda huɗu ne, ɗaya a kowace taya, kowace a haɗe da shokozobarta.
2. Kwamfuresa. Ƙaramin famfo ne mai aiki da lantarki. A Discovery 3 tana ƙarƙashin mota ta gefen hagu, gaban tayar baya. A jikinta akwai gwangwanin busar da iska, cike da irin ƙwayoyin nan da ake samu a ƙaramin ƙunshi cikin kwalin sabon takalmi ko na kayan lantarki. Aikinsu tsotse danshi.
3. Tanki. Nan ake tara iska domin mota ta ɗaga da sauri. Ƙarfin iskar cikinsa ya haura psi 200, alhali tayar mota tsakanin 30 da 40 take ɗauka.
4. Bawul-bawul. Rukuni uku ne: na gaba, na baya da na tanki. Su ne ƙofofin da suke buɗewa iska ta shiga ko ta fita.
5. Sensar tsayi. Guda huɗu, kowace da ɗan siririn hannu da aka ɗaure a jikin ƙarfen da yake riƙe taya. Idan taya ta motsa hannun ya juya, sensa ta aika rahoto.
6. Ƙwaƙwalwa. Ƙaramar kwamfuta ce mai karɓar rahoton sensa tana ba kwamfuresa da bawul umarni.

Siraran tiyo na roba mai tauri ne suka haɗa su, mafi yawansu kaurin milimita 6.

Wanda ya fahimci yadda waya take daidaita hasken fuskarta da kanta ya fahimci wannan tsari. Sensa ta auna, manhaja ta kwatanta da abin da ake so, ta ba da umarni, sensa ta sake aunawa. Haka abin yake zagayawa muddin mota tana kunne. Ƙwaƙwalwar ba ta ganin rami a jikin roba. Abin da ta sani shi ne kusurwar hagu ta yi ƙasa, don haka sai ta ce wa kwamfuresa ta ƙara iska. Iskar ta tsere, ta sake ba da umarni. Famfon da aka ƙera domin ya yi aikin ɗan lokaci ya huta sai ya koma aiki ba tsayawa, ya yi zafi, robar fistin ɗinsa ta cinye, ƙarfinsa ya ragu. Zafin rana da ƙurar hunturu suna ƙara gaggauta lamarin, domin zafi yana busar da roba ta tsattsage, ƙura kuma tana maƙalewa a inda jakar take naɗewa tana gurzar ta kamar sanfefa.

Kayan da ake buƙata

Wayar Android ko iPhone, tef ɗin awo mai milimita, gorar feshi da ruwan sabulu mai kumfa sosai, tocila, mitar auna batir, da na'urar karanta kwamfutar mota mai haɗuwa da waya ta Bluetooth. Ana soka ta ne a wani soket mai ramuka 16 da ake kira OBD2, yana ƙasan sitiyari ta wajen ƙafar direba.

A nan mutane da yawa suke yin asara. 'Yar ƙaramar na'urar nan mai araha da ake kira ELM327, tare da manhajoji irin su Torque, yawanci bayanan inji kaɗai take karantawa. Mota na iya zama a durƙushe ita kuma ta ce babu matsala. Ana buƙatar wadda take shiga dukkan ƙwaƙwalen mota. Masu Land Rover sun fi sanin IIDTool na kamfanin GAP Diagnostic, akwai kuma na Autel, Thinkdiag da iCarsoft. Kafin a biya kuɗi, a tabbatar sunan motar da shekararta suna cikin jerin waɗanda na'urar take yi wa aiki, kuma tana iya shiga sashen sifirin.

Mataki na 1: a fara da batir

Batir mai rauni yana sa ƙwaƙwalen waɗannan motoci su yi ta kawo ƙarar ƙarya. Cikakken batir, mota a kashe, yakan nuna kusan bolt 12.6. Idan inji yana aiki, ya kamata ya nuna tsakanin 13.5 da 14.7. A Discovery 3 an san cewa lalacewar ɗan makunnin fitilar birki, ko sensar gudun taya, na iya sa motar ta sauke kanta ta kunna fitilun gargaɗi barkatai, alhali jakunkunan iska lafiyarsu ƙalau. Tana yin haka ne da gangan: idan ba ta amince da bayanan birki ba, ta fi son ta kasance kusa da ƙasa.

Mataki na 2: a karanta lambobin matsala, kada a goge

Kowace lamba tana farawa da harafi. P na inji da giya ne, C na ƙarƙashin mota wato birki da sifirin, B na bodi, U kuma na sadarwa tsakanin ƙwaƙwale. Lambobi biyu sun yi suna a wannan mota. C1A20 na nufin iska ba ta cika tanki da saurin da ya kamata. C1A13 na nufin iska ba ta fita yadda ya kamata idan an buɗe mata hanya, wanda yakan nuna toshewar gwangwanin busarwa ko bawul ɗin fitarwa.

A lura da kyau: C1A20 ba ta ce kwamfuresa ta mutu ba. Ta ce cika yana jinkiri, kuma hakan na iya zuwa daga gajiyayyiyar kwamfuresa, fasasshen murfin gwangwanin busarwa, ko tiyo mai yoyo. Lambar matsala alama ce, ba hukunci ba. A ɗauki hoton allon wayar kafin a taɓa komai. Duk mai gyaran da ya fara da goge lambobi kafin ya rubuta su, ya share sawun ɓarawo ne kafin a bi shi.

Mataki na 3: gwajin kwana

Wannan shi ne gwaji mafi amfani, kuma kyauta ne. Ko an kashe motar, ƙwaƙwalwarta takan farka lokaci zuwa lokaci ta daidaita ta. Tunda kwamfuresa ba ta aiki a lokacin, sai ta sauke sauran kusurwoyin su yi daidai da wadda ta fi ƙasa. Shi ya sa jaka ɗaya ce take yoyo amma da safe a tarar da motar gaba ɗaya a ƙasa. Domin gano mai laifin, dole a hana ƙwaƙwalwar yin wannan aiki.

A ajiye mota a kan siminti mai daidai, a tsayinta na kwalta, a kashe ta. A cire fis ɗin ƙwaƙwalwar sifirin, littafin motar yana nuna lambarsa da wurinsa. A auna daga tsakiyar taya zuwa leɓen bodi da yake samanta, a duk tayoyi huɗu, a rubuta a waya. A Discovery 3 mai lafiya, awon yakan kasance kusan milimita 466 a gaba da 485 a baya. Da safe a sake aunawa.

- Idan bambancin 'yan milimita ne a ko'ina, babu damuwa, sanyin dare yana sa iska ta takure.
- Idan kusurwa ɗaya ce ta faɗi, a zargi jakarta, tiyonta ko bawul ɗinta.
- Idan gaba biyu ko baya biyu suka faɗi tare, a fara duba rukunin bawul na wannan ɓangaren.
- Idan babu abin da ya motsa amma da fis a ciki motar takan kwanta, hankali ya koma kan sensar tsayi ko wayoyinta.

Mataki na 4: ruwan sabulu

Dabarar mai faci ce. A mayar da fis, a ɗaga mota zuwa tsayin daji domin naɗin robar ya buɗe, a fesa ruwan sabulu a jikin jakar, saman ta inda tiyo ya shiga, mahaɗan tiyo, rukunin bawul da murfin gwangwanin busarwa. Inda kumfa take girma, nan ne. A maimaita a tsayin kwalta, domin wani tsagin sai a wani tsayi yake buɗewa. Wurin da ido ba ya kaiwa, a miƙa waya da tocilarta a kunne a ɗauki bidiyo, ba sai an cusa kai ba.

Mataki na 5: a saurari kwamfuresa, a kalli alƙaluma

Manhajar na'urar tana nuna abin da yake faruwa kai tsaye: ƙarfin iska, zafin kwamfuresa, da rahoton kowace sensa. A kunna agogon waya a ga tsawon lokacin da kwamfuresa take ɗauka kafin ta yi shiru. Idan ta cika ta tsaya, ta kuma yi shiru na dogon lokaci, alama ce mai kyau. Idan tana tashi a kai a kai mota a tsaye, iska tana tserewa. Idan ƙarfin iska yana hawa da ƙyar har zafi ya sa ƙwaƙwalwa ta kashe ta, kuma ba a ga yoyo ba, to ta gaji da gaske. Sensar da lambarta take tsalle-tsalle alhali mota ba ta motsi, ita ko wayarta ce ta lalace.

Gargaɗi kafin a taɓa sifana

Wannan mota ta kai kusan tan biyu da rabi, kuma tana iya sauke kanta ba tare da an taɓa komai ba. Kada kowa ya shiga ƙarƙashinta ko ya sa hannu tsakanin taya da bodi sai an tokare shasi da ƙafafun ƙarfe masu ƙarfi. Jak kaɗai bai isa ba, bulo kuma yana farfashewa. Kafin a kwance kowane tiyo, a saki iskar da na'ura, domin iska mai ƙarfin psi 200 tana iya harba ƙarfe ko ƙura cikin ido. Idan fitilar gargaɗi ta zama ja motar ta kwanta a hanya, a tafi a hankali zuwa wuri mafi kusa, domin a lokacin bodin yana zaune ne a kan 'yan robobin tokare kawai.

Idan za a gyara

Jakar da ta tsage ba a yi mata faci, sauyawa ake yi. An fi so a sauya biyu tare, hagu da dama, tunda shekarunsu ɗaya kuma wahala ɗaya suka sha. Jakar tokumbo da aka ciro daga motar da ta kai shekarun wannan, robarta ma ta tsufa, don haka arahar tata takan zama tsada. Kamfanoni irin su Arnott da Dunlop suna yin sababbi. Bayan an ɗaura sabuwa, a ɗan sa mata iska kafin a sauke nauyin mota a kanta, domin idan ta naɗe a karkace ba komai a ciki tana iya lalacewa tun ranar farko.

Rukunin bawul sau da yawa wankewa da sauya ƙananan zobban roba yake buƙata. Idan an buɗe an ga farin gari a ciki, ƙwayoyin busarwa ne suka dagargaje, kuma dole a sabunta su, in ba haka ba garin zai dawo.

Kwamfuresar asali ta Discovery 3 ta kamfanin Hitachi ce, ana kuma sayar da kayan gyaranta daban: murfi, ƙwayoyin busarwa da robar fistin. Daga baya Land Rover ya koma amfani da ta kamfanin AMK, wadda take buƙatar a sabunta manhajar ƙwaƙwalwa idan an sa ta a madadin Hitachi. Duk lokacin da aka sauya kwamfuresa, a sauya rile ɗinta, domin rile da ya maƙale yana barin ta tana aiki har ta ƙone. Idan kuma sensa aka sauya, sai an saita tsayi da na'ura, in ba haka ba motar za ta tsaya a karkace tana ganin daidai take.

Idan za a koma sifirin ƙarfe

Wannan ba abin kunya ba ne, domin kamfanin da kansa ya sayar da ƙananan samfuran Discovery 3 da sifirin ƙarfe a wasu ƙasashe. Ribar a fili take. Babu kwamfuresa, babu yoyo, kuma kowane bakanike zai iya duba ta. Ga wanda aikinsa yake kai shi ƙauyuka masu nisa da mai na'ura, wannan hujja ce mai nauyi, domin ƙarfe ba ya kwanciya dare ɗaya.

Akwai kuma abin da ake rasawa. Motar ba za ta ƙara ɗagawa ta tsallake kwazazzabo ko ruwan damina ba. Ba za ta daidaita kanta idan an cika bayanta da kaya ba. Haka nan za a rasa wata dabara ta musamman: a hanyar gargada, bawul yakan haɗa jakar hagu da ta dama, idan taya ɗaya ta hau tudu iskarta ta tura ɗayar ƙasa ta kama turɓaya. Wannan yana cikin abin da ya sa motar take bi ta inda wasu suke maƙalewa.

Kuma cire jakunkunan rabin aiki ne. Ƙwaƙwalwar za ta ci gaba da neman sassan da babu su, tana kunna fitila tana ƙara, har ta iya hana wasu zaɓuɓɓukan Terrain Response aiki. Cikakken kayan sauyi yakan zo da 'yar na'ura ko manhajar da take sanar da motar sabon halinta. Wanda ya toshe fitilar da baƙin tef, ya rufe bakin da zai gaya masa wata matsalar gobe. Sannan a sayi sifirin da aka ƙera domin nauyin wannan mota, kada a yanko na wata a cusa, kada kuma a sa ƙarfe a gefe ɗaya iska a ɗaya gefen. A GX470 da Prado aikin ya fi sauƙi, tunda jaka biyu ce kawai a baya.

A taƙaice, idan gwaji ya nuna abu ɗaya ne ko biyu suka lalace, kuma ana amfani da hawa da saukar motar, gyara ya fi. Idan jakunkuna huɗu sun tsattsage, kwamfuresa ta gaji, bawul yana yoyo, kuma motar tana aiki nesa da gari, a lissafa kuɗin duka a kwatanta da na cikakken kayan sauyi kafin a yanke shawara.

Ga mai shirin saye

A je ganin motar da sassafe kafin a tayar da ita, ba tare da an sanar da lokaci ba. Motar da aka tarar tana kunne tana jiran mai saye, wataƙila an tayar da ita ne domin ta miƙe. A gwada dukkan matakan tsayi sau biyu a jere, a ga ko za ta nuna saƙon cewa kwamfuresa tana hucewa. A leƙa da tocila a ga ko jakar iska ce a ciki ko an riga an sa ƙarfe. A soka na'ura a karanta lambobi. Idan mai sayarwa ya hana a soka na'urar ko ya hana a zo da safe, mai saye ya riƙe kuɗinsa ya duba wata.